Yadda Za Ka Zaɓi Rikodan DVD Don Adana Shirye-shiryen Talabijin a Gida

Duk lokacin da azumi ya ƙarato sai tambayar nan ta dawo: wace na'ura zan saya in riƙa naɗar tafsiri daga talabijin ina ajiyewa a faifai? Wasu hawan Sallah suke so su adana, wasu wasan ƙwallo, wasu kuma don iyayensu ne, dattawan da ba su saba da latsa waya ba amma sun iya saka faifai su zauna su kalla. Amsar ba ta ƙarewa da ambaton sunan kamfani ɗaya, shi ya sa na ga gara in jero matakan daki-daki.

Ka fara sanin cewa yawancin kamfanonin da suka yi suna a wannan fanni, irin su Pioneer da Sony da Philips da Samsung, sun daɗe da daina ƙera rikodan DVD. Abin da za ka tarar a kasuwa, ko a Sabon Garin Kano ne ko a Alaba ta Legas, kusan duk na hannu ne da aka shigo da su daga Turai ko Amurka. Saboda haka aikinka shi ne gano wanda har yanzu idonsa, wato ɗan gilashin da ke haska faifai a ciki, yake iya rubutu a faifai, kuma wanda zai karɓi hoto daga dikodar gidanka.

1. Fara da duba bayan dikodarka

Kafin ka taka ƙafa zuwa kasuwa, juya dikodar gidanka ka duba ramukan da ke bayanta. Abin da kake nema ramuka uku ne masu launi: rawaya na hoto, ja da fari na sauti. Wasu ƙananan dikodoji rami ɗaya gare su irin na abin sauraro na kunne, an rubuta AV a gefensa, sai a jona wayar da ta rabu uku a ɗaya ƙarshen. Ko wanne ka samu ya wadatar. Ɗauki hotonsa a wayarka ka tafi da shi.

Dalili shi ne ta nan hoton zai bi ya shiga rikodan. Tashoshin da muke kallo ta GOtv ko StarTimes ko DStv a kulle suke zuwa, dikodar ce kaɗai take buɗe su, rikoda ba shi da wannan ikon. Shi nasa ya karɓi abin da dikoda ta fitar ya rubuta.

*Gargaɗi:* idan ramin HDMI kaɗai dikodarka take da shi, dakata tukuna. Akwai ƙaramin akwati da ke sauya HDMI zuwa wayoyin nan uku, amma ba kullum yake aiki ba, domin hoton HDMI yana zuwa da kariyar hana kwafi. Ka gwada shi da dikodarka kafin ka kashe kuɗi a kan rikoda. Kuma in dikodarka ta tashoshin kyauta ce mai naɗa a filas ta ramin USB, tambayi kanka ko da gaske faifai kake buƙata, don wannan hanyar ta fi arha.

2. Tabbatar rikoda ne, ba mai kunnawa kawai ba

Wannan mataki gajere ne amma mutane suna faɗawa. A fuskar na'urar dole ka ga an rubuta DVD Recorder, da maɓallin REC mai jan ɗigo. Akwai na'urori masu haɗe da kaset da faifai waɗanda kaset ɗin ne kawai yake naɗa, ɓangaren faifan kallo kawai ake yi da shi. Jan maɓallin da ke jikinsu na kaset ne. Karanta lambar samfurin: na Panasonic masu naɗa suna farawa da DMR, na Sony da RDR, na Pioneer da DVR.

3. Daga wace ƙasa ya fito?

Juya bayansa ka karanta takardar da aka manna kusa da wayar wuta. Abu biyu kake dubawa.

Na farko ƙarfin wuta. Wutarmu a Najeriya da Nijar da Gana tana tsakanin 220 zuwa 240 ne. Kayan Amurka 120 ne, na Japan 100. Idan ka jona ɗan Amurka kai tsaye a bango, kafin ka ƙifta ido ya ƙone. Za a ce maka ai akwai tiransifoma mai sauke wuta, kuma gaskiya ne akwai, amma ba ta warware matsala ta biyu.

Ta biyun ita ce tsarin hoto. Dikodojinmu tsarin PAL suke fitarwa, Amurka da Japan kuwa NTSC suke amfani da shi. Rikodan da aka ƙera don Amurka yawanci ba ya karɓar hoton PAL: ko dai ya nuna baƙi da fari yana birgima, ko ya ƙi naɗa gaba ɗaya. Shawarata ita ce ka bar ɗan Amurka komai kyansa, komai arharsa. Nemi wanda ya fito daga Ingila ko Jamus ko Holan ko ƙasashen Larabawa na yankin Gulf. 'Yan'uwa na Maraɗi da Damagaram da suka fi samun kayan Faransa, su ma suna karɓar PAL, sai dai rubutun cikinsu da Faransanci yake zuwa, ana kuma iya sauya harshen a saiti.

*Gargaɗi:* kada a ƙara maka kuɗi don an rubuta Freeview ko DVB a fuskarsa. Wannan na kama tashoshin Ingila da wasu ƙasashen Turai ne da eriya, yawanci a tsohon tsarin DVB-T. Tashoshin dijital na Najeriya a DVB-T2 suke, tsohon ba ya kama su. Ba zai amfane ka da komai ba.

4. Ramukan shiga

A bayan rikoda ramuka suna da yawa, amma kashi biyu ne: na fita da aka rubuta OUT, da na shiga da aka rubuta IN. Na shiga su ne abin nemanka. Yawanci akwai saiti ɗaya ɓoye a ƙarƙashin wani ɗan murfi a gaba, wasu kuma suna da wani a baya. Na baya ya fi daɗin aiki, ba a bar wayoyi suna reto a gaban yara ba.

Kayan Turai da yawa ba su da ramukan shiga masu launi a baya, sai wasu faffaɗan ramuka biyu masu haƙora 21. Sunansu SCART, a Nijar an fi saninsu da Péritel. Ba matsala ba ne. Akwai ƙaramin kai da ake sokawa a ciki mai ramukan rawaya da ja da fari a bayansa. Ka sayi mai ɗan makunni a jiki da aka rubuta IN da OUT, ka tura shi ɓangaren IN. Mutane da dama sun mayar da lafiyayyen rikoda shago suna cewa ba ya ɗaukar hoto, alhali makunnin nan ne yake kan OUT.

*Gargaɗi:* ramin HDMI da ke bayan rikodan DVD na fita ne zuwa talabijin, ba ya karɓar hoto. Duk wanda ya ce maka za ka naɗi hoto mai ingancin HD ta nan, bai san na'urar ba. Faifan DVD iyakarsa layi 576 ne a tsarin PAL. Hoton yana da kyau daidai gwargwado, amma ba zai kai wanda kake gani kai tsaye a babbar talabijin ba, gara ka san haka tun yanzu.

5. Mai rumbun ajiya ko marar shi?

A nan ne ra'ayina ya fi ƙarfi. Rikoda iri biyu ne. Akwai wanda yake rubutawa kai tsaye a faifai yayin da shirin yake gudana. Akwai kuma mai rumbun ajiya a ciki, za ka ga an rubuta HDD a fuskarsa tare da girmansa: 80GB, 160GB, 250GB, wasu har 500GB. Shi wannan yana fara ajiye shirin a cikinsa, daga baya ka zaɓi abin da za ka zuba a faifai.

A ƙasar da ake ɗauke wuta babu sallama, mai rumbu shi ne zaɓi. Idan wuta ta tafi ana tsakiyar rubutu a faifai, sau da yawa faifan ya tashi aiki, har da shirye-shiryen da aka riga aka naɗa a kansa jiya da shekaranjiya. Idan a rumbu ne, yawanci ƙarshen shirin ranar kawai za ka rasa. Bayan haka rumbu yana ba ka damar yanke tallace-tallace, da raba dogon shiri gida biyu, da sa wa kowanne suna, da buga kwafi uku na abu ɗaya idan 'yan'uwa sun roƙa. Kuma yana hutar da idon na'urar, tunda kwafi daga rumbu zuwa faifai mintuna kaɗan yake ɗauka, maimakon idon ya yi awa biyu cur yana aiki.

Mai 160GB yana ɗaukar kimanin awa 70 a matsakaicin inganci. Tafsirin awa ɗaya kullum na wata guda awa 30 ne, ka ga ko rabi bai cika ba. Ba sai ka wahalar da aljihunka wajen neman mai 500GB ba.

Samfuran da suka cancanci a duba: Panasonic masu lamba DMR-EH ko DMR-EX, Sony RDR-HX, LG masu farawa da RH, da na Pioneer masu harafin H a lambarsu. In kana da tsofaffin kaset na biki ko na suna da kake so ka juye, akwai masu haɗe da kaset, amma ka sani yawan sassa yawan abin lalacewa ne. Ni na fi son a sayi na'urar kaset daban a jona ta ramin shiga.

6. Wane faifai yake ci?

A fuskar na'urar ko a kan tiren akwai ƙananan tambura da ke nuna irin faifan da take rubutawa. Akwai DVD-R da DVD+R, waɗanda sau ɗaya ake rubutu a kansu. Akwai DVD-RW da DVD+RW da ake gogewa a sake. Akwai DVD-RAM, wanda Panasonic ta fi amfani da shi, mai jure gogewa sosai amma 'yan na'urori kaɗan ne suke karanta shi, kuma samunsa a kasuwa aiki ne.

Alamar ragi da ta tarawa ba ado ba ne, tsari biyu ne daban. Tsofaffin Philips sun fi sanin mai tarawa, tsofaffin Pioneer mai ragi. Na LG da aka rubuta Super Multi suna cin duka. Don ajiya ta dindindin, DVD-R ne ya fi dacewa, shi ne kusan kowace na'urar kallo take karantawa. Ka tabbatar rikodan da za ka saya yana rubuta irin faifan da ake sayarwa a garinku, ba wanda sai an yi maka aike ba.

*Gargaɗi:* faya-fayan yanzu yawanci an rubuta 16x a jikinsu. Wasu rikodoji na farko-farko, na wajen 2003 da 2004, ba su san su ba, sai su tofo su waje. Wannan ma dalili ne na gwajin da ke tafe.

7. Gwaji a shago, kafin kuɗi ya bar hannunka

Duk abin da na faɗa a baya sharar fage ne, nan ne ake cin riba ko a tafka asara. Ka tafi da sababbin faya-fayan DVD-R guda biyu na irin da za ka riƙa amfani da shi, da wayar nan mai kai uku, da kan SCART. Ka ware lokaci, kada ka je kana sauri.

Mai shago zai saka faifan fim ya nuna maka hoto tangaram ya ce ka gani, lafiyarsa ƙalau. Wannan bai nuna komai ba. Karatu ƙaramin aiki ne ga idon na'ura, rubutu ne yake buƙatar ƙarfi, kuma idon da ya tsufa yana iya karatu shekara guda bayan ya daina rubutu. Ka ce masa cikin ladabi, Alhaji a yi haƙuri a bar ni in naɗa in gani. Ga yadda za ka bi:

Ka sa a jona dikoda ko wata na'urar DVD mai faifan da ba na kamfani ba a ramin shiga. Danna maɓallin zaɓen hanya a rimot, wanda aka rubuta INPUT ko AV, har hoton ya bayyana a talabijin ta cikin rikodan. Saurari sauti ta ɓangarori biyu.

Saka sabon faifanka. Lura da tiren, ya fita ya koma ba tare da an tura shi ba. Ka kasa kunne. Ɗan zuuu na juyawa daidai ne, amma gurnani ko ƙarar gogayya alama ce ta cewa abin da ke riƙe faifan yana sulɓewa. Wani lokaci ƙura ce kawai a kan robar, mai gyara zai goge ta, amma a rage maka kuɗi. Na'ura mai lafiya tana gane sabon faifai cikin ƙasa da minti ɗaya. Idan ta daɗe tana nema sannan ta rubuta No Disc, ajiye ta.

Naɗi minti biyar kai tsaye a faifan. Idan mai rumbu ce, naɗi wasu minti biyar a rumbun, ka kalle su, sannan ka kwafe su zuwa faifan. Rumbun da ke ƙwas-ƙwas ko hoton da ke tsayawa yana ci gaba, alamar rumbun ya kusa mutuwa ne, kuma sauya shi a wasu samfuran ba ƙaramin aiki ba ne.

Yanzu ka shiga saitin faifai ka zaɓi Finalize, wato rufe faifai. Ido mai rauni a nan ya fi tona asirin kansa. In ta kammala, ciro faifan ka saka shi a wata na'urar DVD daban a shagon. Idan ya yi wasa a can, hoto da sauti, to ka fara ciniki. Idan bai yi ba, gwada faifai na biyu. Ya sake ƙi, ka yi sallama.

Taɓa bayanta ka ji ko fankar tana fitar da iska. Cire wayar wuta na minti ɗaya ka mayar, ka ga ko ta tashi ba gardama ko kuwa rubutun fuskarta yana ta ƙyaftawa. Jinkirin tashi yawanci daga ɓangaren wuta ne, gyaransa bai da tsada a wurin wanda ya iya.

*Gargaɗi:* kada ka karɓa babu rimot ɗinsa na asali. A yawancin rikodoji ba za ka iya rufe faifai, ko saita lokaci, ko yanke talla da maɓallan jikin na'urar ba, kuma rimot ɗin gama-gari na kasuwa ba kasafai yake da waɗannan maɓallan ba. Gwada kowane maɓalli a gabansa.

8. Lissafin kuɗi

Farashi yana bin dala da kuma yanayin kayan, don haka ka zaga shago uku kafin ka tsaya. Abin da ya fi muhimmanci shi ne kada ka zuba duk kuɗinka a na'urar ka manta da sauran. Akwai wayoyi saiti biyu, ɗaya daga dikoda zuwa rikoda, ɗaya daga rikoda zuwa talabijin. Akwai kan SCART. Akwai faya-fayai, kuma sayen gwangwani mai 50 ya fi sayen ɗai-ɗai sauƙi nesa ba kusa ba. Akwai jakar ajiye su. Sai babban cikinsu, UPS irin na kwamfuta. Ƙarami mai 650VA ya isa ya riƙe rikoda da dikoda na 'yan mintuna har a tayar da janareta, tunda rikoda ba ya jan wuta sosai. Kada ka jona talabijin a kansa, za ta shanye batirin. Mai sola da inbata a gida ya huta da wannan.

In kuɗin bai kai ba, gara ka sauko zuwa mai ƙaramin rumbu ka sayi UPS da ragowar. Ka kuma nemi mai shago ya ba ka ko da mako guda na gwaji, a rubuta a rasit tare da lambar na'urar.

9. Haɗawa da saiti a gida

Daga ramukan fita na dikoda zuwa ramukan shiga na rikoda, launi ya bi launi. Daga rikoda zuwa talabijin, da HDMI ko da wayoyi masu launi. Idan dikodarka tana da HDMI, bar shi a jone da talabijin don kallon yau da kullum, yawancinsu suna fitar da hoto ta hanyoyin biyu lokaci guda. Kada ka ɗora dikoda a kan rikoda, zafi yana kashe su. In ba a amfani da shi a lulluɓe shi da ƙyalle, musamman lokacin hunturu da ƙura take shiga ko'ina, amma a yaye kafin a kunna.

Saita agogo da kwanan wata. A saitin dikoda ka tabbatar tsarin hoto yana kan PAL. Idan Panasonic ne, nemi saitin da ke ba da damar kwafi mai sauri ka kunna shi kafin naɗin farko, domin a wasu samfuran abin da aka naɗa yana kashe sai an kwafe shi da tsawon lokacinsa.

Sai zaɓen inganci. Faifai mai 4.7GB yana ɗaukar awa 1 a XP, awa 2 a SP, awa 4 a LP, awa 6 ko 8 a EP. Ƙarin awanni ragin kyan hoto ne. Malami zaune yana karatu, ba motsi sosai, LP ya ishe shi, tafsirin wata guda zai shiga faifai 8 maimakon 15 a SP. Amma hawan Daushe, dawakai suna sukuwa ƙura tana tashi, ko wasan ƙwallo, LP zai farfasa hoton ya koma ƙananan murabba'ai. Waɗannan SP ko XP suke so. Wasan ƙwallo da hutun rabin lokaci da ƙarin mintuna yana kusan cika awa 2, don haka in na'urarka tana da FR, wanda ke daidaita inganci da tsawon shirin, yi amfani da shi. EP kuwa ban ba kowa shawararsa ba.

*Gargaɗi:* rikoda duk abin da dikoda ta nuna shi yake ɗauka. Yaro ya sauya tasha, an naɗi katun. An buɗe jerin tashoshi, ya fito a faifai. An rage sautin dikoda, a dikodoji da yawa naɗin ma zai fito da ƙaramar murya, saboda haka a bar sautinta a sama a riƙa ragewa daga talabijin. In ka saita naɗi na lokaci, zaɓi ramin AV a matsayin tasha, ka bar dikoda a kunne a kan tashar, ka kashe saitin da ke sa ta barci da kanta, ka ƙara minti biyar a farko da goma a ƙarshe. Bayan kowace doguwar ɗaukewar wuta a sake duba agogo.

Wani lokaci rikoda zai ƙi naɗar wani shiri ya rubuta cewa an kare shi daga kwafi. Ba lalacewa ya yi ba, masu shirin ne suka sa alamar. Kuma abin da ka naɗa na kallon gida ne. Bugawa a sayar satar fasaha ce da dokar haƙƙin mallaka ta hana, kuma duk mun ga irin ɓarnar da ta yi wa masu shirya fina-finan Hausa.

10. Rufe faifai da ajiye shi

Faifan DVD-R ko DVD+R da ba a rufe ba, na'urar da ta rubuta shi ko 'yar'uwarta ce kawai take karanta shi. Ranar da ta mutu, faya-fayan da ka tara ba rufewa sun shiga wani hali. Saboda haka da faifai ya cika ka rufe shi a ranar, lokacin da UPS yake da caji, kuma kada kowa ya taɓa na'urar har ta gama. Bayan rufewa ba a ƙara komai a kai. Idan DVD-RW ne na'urar za ta tambaye ka tsakanin Video da VR, zaɓi Video in kana so ya yi wasa a gidan wasu.

Kada ka goge shiri daga rumbu sai ka kalli farkon faifan da tsakiyarsa da ƙarshensa a wata na'urar. Ƙarshen ya fi muhimmanci, domin rubutu daga tsakiyar faifai yake farawa ya nufi baki, kuma a bakin ne faifai marar kyau ya fi samun matsala. Rubuta suna da kwanan wata da alƙalamin maka mai laushin baki, ban da biro, ban da manna takarda. A ajiye su a tsaye cikin jaka, nesa da taga da zafin rana, don hasken rana yana cinye sinadarin da rubutun yake kai. Shirin da ba za a sake samunsa ba, ka buga shi a faifai biyu na kamfanoni daban-daban, ɗaya ya zauna a wani gidan, sannan ka sa a kwafe maka shi a kwamfuta ko filas.